Ranar Da Hajji Muhaisin Ya Ɗanɗani Ruwa

Kwana shida tankar ruwa ba ta leƙo lambun ba. A rana ta bakwai, tun hantsi bai ɗaga ba, yara talatin da biyu suka yi wa Hajji Muhaisin zobe a bakin magudana, kowa ya zuba wa bakinsa ido.

"Hajji, kogi ya fara hawa," in ji Karrar, saurayi ɗan shekara goma sha shida, shebur a kafaɗa. "Ka ɗanɗana mana."

Tsohon ya dubi ruwan yana turowa a hankali, yana kwanto ciyawar gefe. Ya dubi kwaɗon da ke jikin ƙofar ƙarfen da ta tare magudanar. Mabuɗin na rataye a wuyansa, yana jin sanyinsa a ƙirji.

A garin Abul Hasib ba a jan ruwa da guga. Sau biyu a yini teku yakan turo kogin Shaɗɗul Arab baya, kogin ya kumbura ya shiga magudanai ya shayar da dabino, sa'annan ya janye abinsa. Haka kakanni suka tarar. Da kogi ya rame, teku ya fara biyo shi da gishiri, sai aka koma ba a buɗe ƙofa sai babba ya kamfaci ruwan ya kai baki. In ya haɗiye, a buɗe. In ya tofar, kowa ya kama gabansa. Shekara arba'in Hajji Muhaisin ke yi wa yankin wannan aiki, kuma ba a taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Saboda harshen nan ne Malama Rabab ta je har gida ta roƙe shi, lokacin da ita da kwamitin unguwa suka buɗe lambu don yaran da makaranta ta kora da waɗanda suka kori kansu. Ita ta yi karatun noma, tana da 'yar na'urar auna gishiri mai kamar alƙalami. Bara har gasa aka riƙa yi, ta tsoma na'ura, shi ya kai baki, yara na ihu, kuma kullum bakinsu ɗaya. Daga nan suka fara kiransa Jiddu, kamar shi ya haifi iyayensu. Gonarsa ta daɗe da zama gidajen bulo, 'ya'yansa maza suna kamfanonin mai, abokansa suna maƙabarta. A duk duniya, nan ne kaɗai wurin da in bai zo ba za a aika a ji ko lafiya.

Abin da yaran ba su sani ba, zazzaɓin da ya kwantar da shi lokacin sanyi ya tafi da harshen. Zuma da toka duk ɗaya suke a bakinsa. Bai gaya wa kowa ba.

Matarsa Ummu Falah ce kaɗai ta gano, kuma da safen nan ta tare shi a ƙofar ɗaki yana neman takalmi.

"Ya ka ji miyar kuɓewar jiya?"

"Kamar kullum. Allah Ya yi wa hannunki albarka."

"Sati uku ke nan ban sa mata gishiri ba."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Mutumin da in na ƙara ƙwaya biyu sai ya ce na jefa shi a teku," ta ce, "yau shi ke lashe kwano. Abu Falah, shekara hamsin nake dafa maka abinci, ni za ka ɓoye wa?"

"Mura ce. Za ta wuce."

"Murar wata bakwai? Ka gaya wa Malama, 'yar mutanen nan, tun wuri."

"In gaya mata me? Ta ce sannu Hajji, je ka huta? In dawo in jingina da bango ina ƙirga ƙudaje?"

"Gara ƙudaje da hakkin yara."

Ya sa takalminsa ya fita, ko shayi bai sha ba.

Yanzu ga shi a bakin magudana, ga yara, ga rana ta fara cizo. Malama Rabab tana Bagadaza, an yi wa mahaifiyarta aiki, na'urar kuma tana cikin jakarta. Karrar ya ɗaga wayarsa.

"Na kira ta jiya. Ta ce kada mu kuskura mu buɗe, sai dai in Jiddu ya ɗanɗana ya ce da daɗi. Ta ce harshenka ya fi na'urarta, don shi ba ya cin batir."

Yara suka tuntsire da dariya. Tsohon bai yi ba.

Ya waiga ya dubi lambun. Kuɓewa ta sunkuyar da kai, yalo ya yi laushi, lalle ya fara zubar da ganye. Can ciki kuma ga abin da ya fi komai: dashen dabino talatin da biyu, kowane yaro da nasa, an naɗe su da buhu saboda rana, an rubuta suna a jikin gwangwani an rataya. Wata huɗu da dasa su, saiwa ba ta gama kamawa ba. Na Karrar yana layin farko. Da hannunsa ya yanko shi daga gindin dabino ɗaya tilo da ya rage a filin marigayi mahaifinsa, kwana biyu kafin masu gini su sare uwar. Yaron da aka sani da fasa gilashin motoci, tun da ya dasa shi bai taɓa fashin zuwa ba, ko da ranar Juma'a.

"Kwana biyu nan gaba in ba ruwa, sun tafi," in ji Karrar a hankali. "Kai ka koya mana."

Gaskiya ne, shi ya koya musu.

Hajji Muhaisin ya tattare rigarsa ya durƙusa. Ya shiga lissafi a ransa. Iskar arewa ta kwana biyu tana busawa, ita kuwa takan tura gishiri baya. Ruwan ya yi ja-ja, kalar ruwan da ke gangarowa daga tudu, ba kore-koren teku ba. Wani mai kifi ya ce ya ji an saki ruwa daga madatsa. Alamu uku. Mahaifinsa ya sha buɗe ƙofa a kan alama ɗaya.

Ya kamfata ya kai baki. Ɗumi kawai ya ji, da jiƙa. Ya juya shi a baki kamar yadda ya saba, ya lumshe ido, yana jiran ko da ɗigon wani abu ya taɓa shi. Shiru. Kalma uku kawai ake bukata: ba na ji. Ya buɗe ido ya ga fuskoki talatin da biyu.

Ya haɗiye.

Ihun da suka yi har tsuntsaye suka tashi. Karrar ya karɓi mabuɗi ya cire kwaɗo, shi da wasu biyu suka murɗa sitiyarin ƙarfen da ke kanta, ƙofa ta ɗaga tana kuka. Ruwa ya kwararo, yara suka bi shi da gudu suna buɗe masa hanya fangali bayan fangali. Wasu suka faɗa ciki da tufafinsu. Ƙasa tana sha tana ƙara.

Sai Tabarak, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu mai bakin reza, wadda aka fantsama wa ruwa a fuska, ta tsaya cak ta tofar.

"Jiddu! Wallahi gishiri!"

Yara suka juyo. Ruwan bai kai layin dabino ba tukuna, saura kamar taku ashirin. Murɗa uku ta isa a rufe ƙofar. Hajji Muhaisin ya ga hakan sarai, ya kuma ga idon Karrar ya dawo kansa.

"Ke da kika tashi da ruwan jarka, me kika sani game da kogi?" ya ce, har da murmushi. "Kogi ba shayin uwarki ba ne. Ko yana da daɗi sai an ji ɗan kaifi."

"Malama Tabarak, sabuwar na'ura!" wani ya yi ihu daga baya.

"A sa mata batir!"

Dariya ta ɓarke. Yarinyar ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja, ta ɗauki fartanyarta ta je ta buɗe wa dashenta hanya da kanta. Ruwa ya yi ta shiga har kogi ya fara janyewa.

Da ya koma gida Ummu Falah ta dubi gefen rigarsa da ya jiƙe, ta dubi fuskarsa, ta shige kicin.

Washegari lambun ya yi shar, kuɓewa ta miƙe. Tsohon ya ji kamar an sauke masa dutse, har ya saya wa yara kankana. Rana ta biyu tanka ta iso, direban yana ba da haƙuri, wai inji ne ya buga. Rana ta uku da safe Karrar ya riga kowa zuwa, ya tarar da fangalai sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Gefen ganyen kuɓewa ya ƙone. Kafin la'asar yalo ya kwanta.

Suka yi ta kwarara ruwan tanka don wanke ƙasar, amma tanka ɗaya ina za ta kai? Hajji Muhaisin yana tsakiyarsu yana ba da umarni, muryarsa ta dishe, ba ya haɗa ido da kowa. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, sunan Malama Rabab a jiki, bai ɗauka ba.

Rana ta goma Malama Rabab ta dawo, tare da Abu Haura, shugaban kwamitin unguwa, mutum mai tumbi da carbi wanda tun farko bai so a sa irin su Karrar a lambun ba. Ba ta ko ajiye jakarta ba. Ta ɗebi ƙasa ta dama a kofi, ta tsoma na'ura, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta nufi layin dabino.

"Kowa ya tsaya gaban nasa," ta ce. "Ku cire buhu. Ku kama ganyen tsakiya ku ja a hankali. In ya riƙe, da rai."

Suka jeru. Na farko ya ja, zuciyar dashen ta biyo hannunsa, gindinta baƙi, tana wari. Na biyu haka. Tabarak ta ja nata ya fito, ta tsaya riƙe da shi kamar an miƙa mata jaririn da ba ta san inda za ta ajiye ba. Wata ƙarama ta fashe da kuka. Cikin talatin da biyu, biyar suka riƙe.

Karrar ne na ƙarshe. Ya daɗe hannunsa a kan ganyen. Da ya ja, ko ƙarfi bai sa ba.

"Wa ya buɗe ƙofa?" in ji Abu Haura.

Shiru.

"Da ku nake! Mabuɗi ɗaya ne, kuma yana wuyan Hajji. Hajji kuwa ba zai ɗanɗani wannan ruwa ya ce a buɗe ba, ko yana barci. To wa ya buɗe?"

Malama Rabab ta juyo wajen tsohon da take kira Ammu, wato baffa. "Ammu, me ya faru?"

Tsohon ya dafa mabuɗin da ke ƙirjinsa.

"Ni ne," in ji Karrar. Ya jefar da ganyen. "Hajji ya cire mabuɗin zai yi alwala, na ɗauke. Bai ma nan. Na ga dashe suna mutuwa, na buɗe."

Hajji Muhaisin ya dubi sauran yaran. Dukansu suna nan ranar, dukansu sun ga ya haɗiye. Ba wanda ya ɗaga kai. Har Tabarak ta kafe ƙasa da ido, ta cije leɓe. Nan ya gane sun riga sun zauna sun shirya, yara talatin da biyu sun haɗa baki su rufa wa tsoho asiri.

"Na faɗa!" Abu Haura ya buga carbi a tafinsa. "Na faɗa tun ranar farko. Mai hali ba ya fasa halinsa. An ɗauko ɓarawo an ba shi shebur, an ce wai zai zama mutum. Kai, ajiye kayan mutane ka fita. In na sake ganin ƙafarka a nan, da 'yan sanda za ka yi magana."

Karrar ya jingina shebur da shinge. Da ya zo wucewa ta gefen tsohon, ya rage murya.

"Kada ka damu, Jiddu. Mun san kogin ne ya juya bayan ka ɗanɗana. Ni dama an saba."

Ya kai ƙofar lambu ke nan ya ji muryar tsohon.

"Dawo."

Hajji Muhaisin ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kankaro farin ɓawon da ke kan ƙasa har ya cika tafinsa. Ya miƙe, ya watsa shi duka a baki, ya tauna. Yara suka yamutse fuska, wani ya kau da kai. Shi ko gezau. Ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna musu.

"Kun gani? Kamar rairayi. Tun zazzaɓin sanyi ba na jin komai, ko gishiri ko sukari. Yaron nan bai ɗauki mabuɗi ba, ni na miƙa masa. Kogi bai juya ba. Na kai ruwa baki ban ji komai ba, na ce a buɗe." Ya juya wajen Tabarak. "Yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya tun ruwa bai kai dabino ba. Na sa kuka yi mata dariya."

Abu Haura ya sa carbinsa a aljihu. Malama Rabab ta dafe kai.

"Ammu, da ka gaya mini," ta ce. "Da na bar muku na'urar. A jakata take kwance kwana goma sha bakwai, ba abin da take yi."

"Da kin bar ta, ni kuma me zan zo yi?"

Karrar ya tako a hankali har gabansa.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun kafin ka durƙusa?"

"Tun kafin."

"Na babana ne," in ji yaron. "Ka san ba wani. Kai ka riƙe mini shi ina yanka." Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya share hanci da bayan hannu ya fice.

Hajji Muhaisin ya zare igiyar mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa Malama Rabab. Ta ƙi karɓa da farko, ya kama hannunta ya sa mata. Ba wanda ya kore shi. Abu Haura ma cewa ya yi, "Allah Ya ba da lafiya, Hajji, ka je ka huta," da muryar da ake yi wa majinyaci magana. Yara suka buɗe masa hanya. Ya bi ta tsakiyarsu, yana jiran ko ɗaya zai kira shi. Abin da ya ji a bayansa ƙarar shebur ce, sun fara tone matattun.

Sati uku bai fita ba sai masallaci. Malama Rabab ta zo gaishe shi sau ɗaya da lemo a leda, ta ce an yi musu alkawarin sabbin dashe in zafi ya sauka, ta ce Tabarak ce yanzu ke riƙe da na'ura. Ta ce yara shida sun daina zuwa. Bai tambayi sunayensu ba.

Wata ranar Laraba yana dawowa daga ɗakin magani da azahar, rana kamar ta narka kwalta, sai wata adaidaita sahu ta wuce shi, ta ci birki, ta dawo da baya.

"Hau, Hajji. Rana za ta kashe ka."

Karrar ne, sigari a bayan kunne. Tsohon ya hau. Suka yi tafiya mai nisa, injin na ƙara, yaron na kauce wa ramuka.

"Adaidaitar ta wa ce?" in ji tsohon.

"Ta kawuna. Ni da safe, ɗansa da yamma."

"An ce za a kawo sabbin dashe."

"Na ji."

"Malama tana nemanka. Ta ce wurinka na nan."

"In dasa na wa? Na kasuwa?"

Suka zo daidai shingen lambun. Ta tsakanin karare ana hango yara kaɗan suna jan tiyo, ga ramuka a jere inda dashe suke a da. Karrar bai waiga ba, ya ƙara wuta.

"Karrar, ɗana, laifina ne, ba na lambu ba. Kada ka bari saboda ni."

"Ba saboda kai ba ne, Hajji. Da can in na tashi da safe akwai abin da ke jirana. Yanzu babu. Shi ke nan."

Ya tsaya a ƙofar gidan. Ya sauko ya kama hannun tsohon har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya miƙo masa ledar maganinsa. Wata mata da kwandon kifi tana ɗaga hannu daga tsallaken titi.

"Ina zuwa, Hajiya!" ya yi mata ihu.

Ya juya kan adaidaitar ya tafi. Hajji Muhaisin ya tsaya a rana da leda a hannu, har sai da Ummu Falah ta leƙo ta ce ya shigo inuwa.